Lurwanu da Notunan Fijon Surukinsa

A Karaye, a shekarun nan na tamanin, idan motarka ta lalace ka nemi bakanike, abin da za a fara tambayarka shi ne, "Sauri kake yi ko gyara kake so?" In ka ce sauri, a nuna maka garejin bakin tasha. In ka ce gyara, a ce ka miƙi hanyar Rogo har ka ga wata ɗorawa da rumfar kwano a gindinta, ka yi sallama da Lurwanu. Amma ka tabbata ka ci abinci kafin ka je, don ba yanzu za ka dawo ba.

Lurwanu gajere ne kakkaura, mai ɗan gemu, da wata hula da ba wanda ya ƙara sanin asalin launinta saboda baƙin mai. Ɗan Beli ne, gidansu manoma ne kaka da kakanni. Mahaifinsa ya yi iya yinsa ya ga ya riƙe fartanya, amma ina, hankalin yaron na kan duk abin da aka ɗaure da ƙarfe. Ranar da ya kwance keken limamin garinsu filla-filla a bayan masallaci, wai yana so ya ga abin da ke sa shi tafiya, ya sha dukan da har ya tsufa yana ba da labarinsa. Abin da ya cece shi, ya mayar da keken yadda yake kafin la'asar, liman kuma da kansa ya ce ƙarar da sarƙar take yi ta daina. Daga nan uban ya saduda, ya kama hannunsa ya kawo shi Karaye, ya danƙa shi ga Mahmudu direba.

Mahmudu a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne. Shi yake tuƙa manajan wani kamfanin sayen auduga a cikin wata Fijo 404 fara sol, wadda shi da kansa ya je Kano ya karɓo ta sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Da kamfanin ya tashi, manajan ya bar masa ita, ya shiga jigilar fasinja tsakanin Karaye da birni. A jikin wannan motar Lurwanu ya koyi duk abin da ya sani. A cikinta kuma ya fara satar kallon Laure, 'yar maigidan nasa, ta madubi, ran da aka ce ya kai ta biki Rogo. Ita ma ba a banza ta zaɓi kujerar da madubin yake kallo ba. Da ya buɗe garejinsa ya tsaya da ƙafarsa, manya suka shiga maganar, aka sha biki. Maigida ya zama suruki, kunya ta ninku, har ta kai Lurwanu ba ya iya shan ruwa in tsohon yana wurin.

Abin da ya sa aikinsa ba ya sauri, noti ne. Sauran kanikawa in sun kwance inji sai su zube notunan a kwano ɗaya, in an zo ɗaurawa duk wanda ya shiga rami shi ke nan. Lurwanu gwangwanayen madara yake tarawa, masu shayin tasha duk sun san shi, suna ajiye masa. Na kan inji gwangwani guda, na ƙofa guda, na lagireto guda. Yakan ce ba a banza masu ƙera mota suka bambanta musu launi ba. Akwai baƙaƙe wuluk, na jikin inji inda mai yake wanke su kullum. Akwai farare masu ɗan duhu kamar tsohon cokali. Akwai masu ruwan ɗorawa, waɗanda in rana ta haska su za ka ga kore-kore da ja-ja suna wasa a jikinsu, su ne na inda ruwa yake taɓawa. Sai masu ƙyalli na inda idon fasinja yake sauka. Wurin Mahmudu ya ɗauki wannan karatun, amma ya ƙara masa nasa gishirin. Ko masallaci za shi, in ya ga noti a ƙasa sai ya duƙa, Laure har ta gaji da ɗinke masa aljihu.

Shekaru suka ja. Fijo ta tsufa, mai ita ma haka. Ƙananan bas-bas suka cika tasha, fasinja suka daina waiwayar ta. Baba Mahmudu ya sa aka turo ta cikin gida kusa da rumbu, ya lulluɓe ta da tamfol. Tamfol ya cinye, awaki suka mayar da kanta wurin shan hantsi. Lurwanu ya sha aika a roƙa masa izinin taɓa ta, tsohon yana cewa akwai lokaci.

Lokacin ya zo ta hanyar da ba wanda ya so. Tsohon ya fara tuntuɓe da buta tana gefensa, ya fara miƙa hannu inda ba mutum. Aka kai shi wurin likitan ido a birni. Likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, hasken ne yake janyewa daga gefe, maganin ɗigawa zai ja masa lokaci amma ba zai tsayar da shi ba. Baba Mahmudu da kansa ya ce yanzu kamar ta bakin tulu yake leƙen duniya, bakin kuma kullum ƙara tsukewa yake yi.

Wata safiya ya aika a kira masa Lurwanu. Ya zo ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa can nesa, suka gaisa, aka tambayi jiki da iyali da aiki.

"Matso, Lurwanu. Ni yanzu in mutum bai zo tsakiyar idona ba, ba na ganinsa."

Ya matso yana kallon tabarma.

"Ka dai ji abin da likita ya ce. Ban yi baƙin ciki ba, alhamdu lillahi. Na ga Ikko, na ga Maiduguri, duk a bayan sitiyari. Abu guda ya rage mini. Ina so in ɗaga murfin injin motar can, in gan ta yadda na gan ta ran da aka miƙo mini makullinta. Ba tashi kawai nake nufi ba, wannan kowa ma zai iya. Yadda take nake so in gani, kafin a rufe mini ƙofar."

"In Allah ya yarda, Baba, za ka gan ta."

"To ka hanzarta," in ji tsohon, sai kuma ya yi dariya. "In dai an taɓa koya maka hanzari."

A ranar, Lurwanu ya sallami duk motocin da ke gindin ɗorawa, ya ba masu su haƙuri. Aka kori awaki, aka ɗaura wa Fijo igiya, aka ja ta zuwa gareji. Ya shiga kwance ta gaɓa-gaɓa, ransa fari ƙal duk da nauyin da ke zuciyarsa, don ya daɗe yana mafarkin wannan aikin. Abin farin ciki, kusan duk notunanta na asali ne, saboda Mahmudu bai taɓa yarda wani ya sa mata baƙon ƙarfe ba. Sun yi baƙi ƙirin da giris da ƙasa, amma Lurwanu bai damu ba. Ya san wannan daskararriyar daudar ita ta tsare musu launi, in lokacin ɗaurawa ya yi kananzir kaɗan zai fito da su. Ya raba su a gwangwanaye. Da yake damina ta kawo kai, rumfar garejin kuma yoyo take yi, sai ya kwaso su ya kawo gida, ya jera a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Washegari ya hau mota zuwa Kano neman kayan inji, su gasket da ringin fistin. Bai ce wa Laure komai ba. Shi daman ba ya kawo zancen gareji gida, wai me mace za ta yi da shi.

To, ita Laure akwai abin da aka san ta da shi a unguwar. Ba matar da tasoshinta suka kai nata haske. In za a yi wa amarya jere, ita ake kira ta zo ta duba kwanuka, in ta ce wannan bai fita ba, to sai an sake shi. Ta fito shara ta ga gwangwanaye a jere, ta leƙa, ta ga ƙarafa baƙaƙe sun daskare da dauda. Ta gane na motar mahaifinta ne. Hawaye ya cika mata ido. Wato abin da tsohon zai kalla na ƙarshe ke nan, a haka, ita kuma tana zaune da hannuwanta biyu? Maza dai ba su san tsabta ba.

Ta ɗauko babbar roba, ta juye gwangwanayen duka a ciki. Ta dama ruwan tsamiya mai kauri, ta matse lemon tsami a kai, ta bar su suka kwana suna jiƙa. Da safe ta leƙa katanga ta kira maƙwabciyarta Tasalla, suka zauna da toka da yashi da soso, suna dirza suna hira. Hannuwansu suka yi kanta, bayansu ya ƙage, ba su tashi ba sai da kowane noti ya yi fari tas. Su kansu gwangwanayen sai da aka wanke su aka kife. Sannan Laure ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta jera notunan daga manya zuwa ƙanana, sahu-sahu, yadda take jera kwanukan amarya. Gaskiya sun yi kyau, wannan kam ba wanda zai musa.

Lurwanu ya dawo bayan la'asar da ƙullin kaya a hammata. Ya yi sallama, ya shigo, idonsa ya sauka a kan tabarma. Ya tsaya. Ya dubi gwangwanayen da aka kife. Ya laluba turmi ya zauna a kai.

Laure tana bakin ƙofar ɗaki, baki har kunne.

"Malam, sannu da zuwa. Ka gan su? Wallahi sai da muka yi da gaske. Akwai wasu masu ruwan ɗorawa, su suka fi taurin kai, amma tsamiya ta yi maganinsu."

A duk zamansu bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma san ta inda ake farawa ba. Can ya ce, "Sannu da aiki, Laure. Allah ya yi miki albarka."

Muryar ce ta tona shi. Murmushinta ya ɗauke, ta zo ta tsuguna a gabansa ta ce ya gaya mata. Ya ɗauki noti guda, ya juya shi a tafin hannunsa, ya yi mata bayanin da ya kamata ya yi tun shekarun baya: baƙi da fari da ruwan ɗorawa ba dauda ba ce, riga ce aka sa musu tun daga inda aka ƙera su, ita ce kuma abin da Baba yake so ya gani. Yanzu an tuɓe su duka, an kuma cakuɗa su. Laure ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Shi ya koma yana lallashinta yana cewa laifinsa ne, kuma da gaskiyarsa, nasa ne. Kafin gari ya waye sau biyu, tsatsa ta fara yi wa notunan ja-ja a kan tabarma.

Labari ya kai tasha, kamar yadda labari yake kaiwa in Tasalla ta sani. Direbobi suka samu abin dariya, duk wanda ya wuce gindin ɗorawa sai ya rage gudu ya tambaya ko an fara karɓar wankin noti. Sulle mai gyaran bodi, wanda yake yi wa motar fenti, shi ya zo masa da shawara ta tsakani da Allah.

"Lurwanu, kar ka kashe kanka. Tsohon nan fa da ƙyar yake gane fuskar mutum. Shafa musu mai ka ɗaura, ko ka sayo sababbi. Wa zai gaya masa?"

"Ba wanda zai gaya masa," in ji Lurwanu. "Amma ɗan ganin da ya rage masa ke nan, Sulle. In na cika masa shi da ƙarya, da me zai sake duba na gaskiya?"

Duk da haka ya koma Kano ya zaga wurin masu kayan mota. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, kaya ba sa shigowa. Sababbin notunan da ya samu duk launinsu ɗaya, kawunansu ma ba irin nata ba ne. Tsofaffin Fijo da ya leƙa a garejojin birni kuwa sun sha hannun kanikawa, ba abin da ya rage na asali a jikinsu. Ya dawo hannu rabbana. Aikin inji yana tafiya, fenti ya bushe, amma ba abin da zai ɗaure su da shi. Kullum ya je gaisuwa sai tsohon ya ce, "An kusa?" Shi kuma ya ce, "An kusa, Baba." Ya lura yanzu sai tsohon ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya same shi. Tsoro ya kama Lurwanu sosai, abinci ya daina shiga.

Laure ce ta fitar da su. Tana tankaɗe wata rana sai ta saki rariya.

"Malam! Kaji!"

"Waɗanne kaji?"

"Shekarar da muka je suna garin Zoza da Inna, mun biya rugar ƙawarta Goggo Sauda, mai kawo mana nono da can. Na ga kaji suna fitowa daga cikin wata mota a bayan bukka. Wallahi irin ta Baba ce, har da fitilun nan masu kama da idon mujiya. Na tuna don sai da na yi dariya."

Nan take ya tashi ya fara duba iskar tayar babur. Da safe ya ɗaure buhun gwangwanaye da sifanu da galan ɗin kananzir, da notunan da aka wanke a cikin tsumma mai mai. Laure ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafarsa, ita ta ɓata ita za ta gyara. Haka suka ratsa tasha, ita a baya rungume da buhu yana ƙara, direbobi suna ihu suna tambaya ko amarci aka koma.

Bayan Rogo hanya ta zama laka, sau da yawa sai sun sauka sun tura. Suka isa rugar rana ta take. Goggo Sauda ta gane Laure tun daga nesa, ta taho tana tafa hannu. Mijinta Hamma Halliru, dogon tsoho mai sanda a kafaɗa, ya shimfiɗa wa Lurwanu buzu a inuwa. Aka gaisa, aka tambayi shanu da damina da mutanen Karaye ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura da nono. Lurwanu yana sha yana amsawa, amma wuyansa ya kusa karyewa don leƙen bayan bukka. Tana nan kuwa. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kabewa ta yaɗu a kanta, wata zabuwa tana tsaye a kan sitiyari.

Hamma Halliru ya ba shi labarinta yana dariya. Wata shekara shanu suka yi daraja, ya ga ai shi ma ya isa hawa mota, ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa a Rogo.

"Na ba ta fetur, na ba ta ruwa, ban taɓa barin ta da ƙishi ba. Ashe wai akwai wani baƙin mai da take sha ta wani bakin daban. Ba wanda ya gaya mini! Ta yi ta zubar da nata har ya ƙare, ran nan ta yi wata ƙara ta tsaya a nan. Na ce to, saniya ma in ta ƙi tashi haƙuri ake yi. Kaji suka gaje ta."

Lurwanu ya nemi izini ya ɗaga murfin injin. Man da ta yi ta zubarwa ya haɗu da ƙasa ya lulluɓe komai, kauri guda. Ba alamar sifana ta taɓa zuwa wurin. Ya tsoma tsumma a kananzir ya goga kan wani noti a gefen lagireto, a hankali. Ruwan ɗorawa ya fito, da ɗan kore-korensa yana wasa a rana. Ya kira Laure da wata irin murya da ba ta san shi da ita ba. Ta zo ta leƙa, ta ce, "La ilaha illallahu, ashe haka suke da kyau."

Ya gaya wa Hamma Halliru abin da ya kawo su, bai ɓoye komai ba, har da tsamiyar. Goggo Sauda ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ita ma da abin da za ta yi ke nan. Suka yi magana da mijinta da Fulatanci, ya juyo.

"Mahmudu ya taɓa ɗaukar mahaifiyata zuwa asibiti, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwashe duk abin da kake so. Abu guda, ƙofar bayan nan ba ta rufuwa, muzuru ya gama mini 'yan tsaki. In ka gyara ta, mun rabu lafiya."

'Yan kwanakin da suka yi a rugar nan, Lurwanu ya ce bai taɓa jin daɗin aiki kamar su ba. Yana kwancewa yana miƙa wa Laure, yana gaya mata daga inda kowanne ya fito, ita kuma tana wanke shi da kananzir da gashin zabuwa, tana sa shi a gwangwaninsa. Ta zama ta fi shi tsanani. Ran da Goggo ta matso da toka a hannu don ta taimaka, sai da Laure ta kāre gwangwanayen da jikinta. Duk inda ya cire noti a ƙofa ko a bodi, sai ya mayar da ɗaya daga cikin wankakkun, don kar gidan kaji ya wargaje. Ya gaya wa Goggo za su yi tsatsa in ba a shafa musu mai ba, ta ce man shanu bai ƙare a rugar ba. Ya gyara ƙofar baya har tana rufuwa da ɗan yatsa. Suka taho da buhu cike, da ƙwaryar ƙwan zabi da aka tilasta musu.

Nan fa mutanen Karaye suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Lurwanu yana sauri. Daga sallar asuba sai gareji, Laure tana aiko masa da abinci yana ci a tsaye. Amma ko a cikin saurin, ba notin da ya shiga ramin da ba nasa ba.

Ran da ya gama, ya zaɓi hantsi, lokacin da tsohon ya ce ya fi gani. Ya tuƙo ta a hankali har ƙofar gidan surukinsa, fara sol, mutanen tasha suna biye da ita a ƙafa. Ya juya ta yadda rana za ta faɗa cikin injin. Laure ta riga ta zo tun da safe, tana tsaye a bakin zaure. Aka fito da Baba Mahmudu. Ya ƙi a riƙe shi, ya taho da kansa, ya shafa gefen motar har ya samu inda ake buɗewa, ya ɗaga murfin.

Tsohon ya sunkuya har gemunsa yana taɓa ƙarfe. Yana kai kansa a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, don sai abu ya zo daidai ɗan ramin da ya rage masa yake ganinsa. Ya daɗe a haka.

"Baƙaƙen nan na kan inji," in ji tsohon, kamar mai gaisawa da mutane. "Ga fararen kafireto. Kai, ga 'yan ruwan ɗorawan nan, har da korensu!" Ya ɗago yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. "Ita ce. Wallahi ita ce. Haka na gan ta a Kano."

Mutanen tasha suka ɗauki sowa. Sulle ya rungume Lurwanu ya ɗaga shi sama, hula ta faɗi. Laure ta zo ta durƙusa, ta fara ba mahaifinta labarin tsamiya cikin kuka da dariya, ya ɗaga mata hannu.

"Ke, ai tun ran da kuka yi wankin na ji. Idona ne ya tafi, ba kunnena ba. Na yi shiru ne in ga yadda za ku ƙare."

Sannan ya miƙa hannu a ba shi makulli. Lurwanu ya dubi jama'a, ya ba shi. Aka tura yara gefe, aka buɗe hanya zuwa filin ƙwallon firamare da ke kusa. Tsohon ya zauna a bayan sitiyari, Lurwanu a gefensa da hannu a kan birkin hannu, Laure a baya. Murɗawa ɗaya ta tashi. Ya sa giya ba tare da ya duba ba, suka zaga filin a hankali, Lurwanu yana cewa, "Dama kaɗan, Baba. Miƙe. Hagu." Tsohon yana cewa, "Yi mini shiru, ni na koya maka." Rabin garin yana gefen fili yana tafi.

Da ya gaji ya taka birki a tsakiyar filin, ya kashe ta. Bai fita ba. Ya zauna yana shafa sitiyari, numfashinsa yana komawa daidai. Can ya ce su fito su zagayo ta wajen tagarsa, su biyun. Suka zo suka tsaya, Lurwanu ya sunkuyar da kai kamar kullum.

"Mota na gan ta, Allah ya yi muku albarka," in ji Baba Mahmudu. "Saura ku. Ku matso da fuskokinku nan inda rana take. Kai kuma Lurwanu, yau dai ajiye kunyar nan ka ɗago. Shekara da shekaru tsakiyar hularka kawai nake gani."

Lurwanu ya ɗago. Tsohon ya kama fuskarsa da hannu biyu, ya kawo ta daidai ɗan hasken da ya rage masa, ya yi ta kallo, bai yi sauri ba.